Kuɗin Fetur ko Jarin Sola: Lissafin da Ya Kamata Mu Yi wa Gidajenmu

Jawabin da ɗaya daga cikin likitocinmu ya gabatar a taron ƙungiya na birnin Alƙahira

 

Shugaba ya nemi in yi magana a kan lafiyar iyalanmu na gida, ni kuma na roƙi izini in shigo ta ƙofar wutar lantarki, domin a yau su biyun ba sa rabuwa. Mai ciwon sukari yana bukatar firji ya ajiye allurar insulin da ba a buɗe ba a sanyin digiri 2 zuwa 8. Tsohuwa mai hawan jini tana bukatar fanka a zafin Afrilu na Kano. Janareta kuwa, idan aka kunna shi a soro ko kusa da tagar ɗaki, yana fitar da iskar guba marar launi, marar wari, wadda ke kashe mutane suna barci. Kusan kowa a nan ya taɓa jin labarin gidan da aka wayi gari babu mai motsi.

Mu mazauna Masar mun ɗanɗana namu rabon. Daga Yulin 2023 gwamnati ta fara ɗauke wuta bisa jadawali saboda ƙarancin iskar gas, har ta kai awa uku a rana a Yunin 2024, kafin Firaminista Mustafa Madbuli ya sanar da dakatar da tsarin a Yulin 2024. Ku lura, wannan ƙasa ce mai madatsar ruwa ta Aswan, mai tashar sola ta Benban da ke cikin mafi girma a duniya. Idan Alƙahira za ta shiga duhu, to mai gida a Gwale ko Fagge ba shi da dalilin zama yana jiran gyara daga sama. A Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano ta fi mako guda babu wuta.

Yanzu mu zo kan kuɗi. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Zuwa Oktoban 2024 ta haura 1,000 a Arewa. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A zuwa naira 225 a kan kowace yunit. Mu ɗauki misali: gida yana ƙona lita 3 kowane dare, a kan naira 1,000. Naira 90,000 ke nan a wata, sama da miliyan ɗaya a shekara, ba a sa baƙin mai da kuɗin makanike ba. Wa ke biya? Mu ne, masu turo kuɗi duk ƙarshen wata. A ƙarshen shekara kuma babu abin nunawa sai hayaƙi a jikin bango.

A ce mai haɗa sola ya yi wa wannan gida kuɗi naira miliyan 3. A shekara uku kuɗin ya dawo, abin da ya biyo baya riba ce. Kowa ya sa nasa alƙaluman, amma hanyar lissafin ɗaya ce: raba kuɗin kayan da abin da kake kashewa a fetur duk shekara. Idan amsar ta yi ƙasa sosai da tsawon rayuwar batirin, jari ne mai kyau. Idan ta zarce, a rage kayan ko a sake neman farashi.

Na ambaci batir da gangan, domin a nan ake cin riba, a nan ake faɗuwa. Farantan sola masu kyau ana ba su garantin shekara 25. Batirin ruwa irin na da yana da araha, amma a zafinmu da wuya ya wuce 'yan shekaru, musamman idan ana tatse shi ƙarƙaf kowane dare. Batirin litiyam ya fi tsada, ya kuma ninka shi daɗewa. Araha ba ta ado.

Abu uku nake so mu riƙe. Na farko, a lissafa kayan gida kafin a shiga kasuwa: ƙwan fitila nawa, fanka nawa, firji, cajin waya. Dutsen guga, hita da na'urar sanyaya ɗaki su ne ke cinye batir, a bar su ga wutar KEDCO ko a yi amfani da su da tsakar rana. Na biyu, a nemi ma'aikaci wanda za a iya zuwa a ga aikinsa na baya, a karɓi rasit da takardar garanti, a biya shi kashi-kashi. Waya marar kauri da haɗin ganganci suna jawo gobara. Na uku, a ɗora wa mutum ɗaya a gidan alhakin kula da kayan. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti, sai ana wankewa.

Kada mu tsaya ga fitila da fanka kawai. Rana tana ba da wuta mafi yawa a lokacin da mutanen gida suka fi ƙarancin bukata. Wannan rarar tana iya riƙe firiza ta ƙanƙara, zoɓo da kunun aya, ko keken ɗinki, ko teburin cajin waya a ƙofar gida. Ƙanwarka da kake tura wa kuɗin cefane za ta iya zama mai sana'arta, musamman a watan azumi. Ba sabon abu ba ne a Kano: shaguna a kasuwar Sabon Gari suna aiki da sola, Jami'ar Bayero ma ta ƙaddamar da tasharta a 2019.

Na san ɗalibi mai zaman Hayyul Ashir ba zai iya fitar da miliyoyi lokaci guda ba, musamman bayan faɗuwar darajar fam a Maris na 2024. Shi ya sa nake kawo wa ƙungiya shawara: mu buɗe adashin sola. Mutum 12, zubi kowane wata, kwasa ɗaya gida ɗaya. A naɗa mutum biyu amintattu a Kano su riƙa duba kaya da aiki kafin a saki kuɗi. Sayen kaya a dunƙule zai ba mu ƙarfin neman ragi. Ina kuma roƙon a fara da gidajen da ke da tsofaffi, masu ciwon sukari, masu sikila da jarirai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Masu karanta wannan a gida, ku taimake mu da abu ɗaya: ku rubuta kuɗin fetur na wata guda a takarda, ku turo wa ɗan'uwanku. Da wannan takarda za a fara lissafi. Sakatare zai karɓi sunayen masu son shiga adashin bayan sallar magariba.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya sa albarka a nemanmu.