Hawan Dutse Ba Tare da Ɗan Rakiya Ba

 

An umarce mu da mu yi magana a kan tarbiyyar yara. Muna neman afuwar kwamitin shirye-shirye, domin kuwa za mu karkata akalar zancen zuwa ga dutsen nan da ke bayan gari, saboda abin da ya auku a Babbar Sallar da ta wuce, wanda da yawa daga cikinku sun ji shi a bakin mutane, kowa da irin gishirin da ya ƙara.

Wani saurayi, ɗan ɗaya daga cikinmu, haifaffen birni kuma ɗalibin jami'a, ya fita bayan la'asar ran kashegarin Sallah, daga shi sai silifas da wayar hannu, bai kuwa shaida wa kowa inda ya nufa ba. Ya hau ta hanyar da kowa ya sani, ya kai ƙololuwa lafiya, ya ɗauki hotunansa. Da ya tashi saukowa sai ya hango rufin gidan kakansa, ga shi nan kamar ya miƙa hannu ya taɓa, ya ga babu dalilin zagaye, ya yanke kai tsaye. Bai yi nisa ba yayyafi ya sauko, ƙafa ta kwashe, ya sulale har Allah Ya tsayar da shi a kan wani ɗan dandamali da bai fi tabarmar sallah faɗi ba. Wayar ta riga shi ƙasa. A nan ya kwana, ba hawa ba sauka. Mu kuwa muna gari da tocila, an je tasha, an je asibiti, an bi gidajen abokai ɗaya bayan ɗaya, ba wanda tunaninsa ya kai ga dutse. Sai da gari ya waye wani yaro mai kiwon awaki ya jiyo kira, maharba suka hau da igiyoyin guga suka jawo shi. Ya tsira da karaya a idon sawu. Mahaifiyarsa tana cikin wannan zaure, ita ta san tsawon wannan dare.

Bari mu koma aji na ɗan lokaci, tunda mai alli ba ya barin halinsa. Dutsenmu ɗan'uwan Kufena ne na Zariya, da na Kwatarkwashi kusa da Gusau, da Zuma wanda ke jikin takardar naira 100. Dukkansu irin dutsen nan ne mai tauri da ake fasawa a yi tsakuwar gini, siffarsu kuwa ta ƙwarya ce a kife. Ku dubi ƙwarya da kyau: samanta shimfiɗaɗɗe ne, gefenta ne ke miƙewa tsaye. Saboda haka wanda ya fara saukowa ta inda ba hanya, takunsa na farko sauƙi ne ƙwarai, gangaren yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan ba tare da ya lura ba, ga shi kuma dutsen ya lanƙwashe a ƙarƙashinsa, ba ya ganin abin da ke gaba. Kafin ya farga ya kai inda ƙafa ba ta riƙewa, komawa baya kuma ta gagara. Mai hawa yana ganin inda zai sa hannu. Mai sauka da ƙafa yake lalube.

Bugu da ƙari, fatar irin wannan dutse takan ɓamɓare falle-falle kamar ɓawon albasa. Falalen da ka ɗauka ya kafu tun zamanin kaka da kakanni yana iya zama hoho ne a ciki, in ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ganga. Waɗannan baƙaƙen zane-zane da kuke gani sun gangaro daga sama kuwa magudanar ruwa ce, gansakuka ta lulluɓe su. Da rani ba su da laifi, amma ɗigon ruwa kaɗan ya taɓa su sun fi kuɓewa santsi. Ku tuna daga 2023 zuwa 2025 Babbar Sallah a watan Yuni take faɗowa, wato daidai lokacin da ruwa ya kankama, daidai kuma lokacin da gari ke cika da 'ya'yanku. Ba mu ma zo zancen kububuwa a tsaguwar dutse ba, ko ƙudan zuma da ke cikin kogunan, waɗanda in sun taso wa mutum a kan gangare ba shi da wurin gudu.

Hanyar da yaran yanzu ke rainawa saboda kewayenta, ba injiniya ne ya zana ta ba. Mata masu itace ne da maharba da makiyaya suka tattake ta shekara da shekaru, kowace kwana da ta yi, akwai abin da take kauce wa. Hausawa suka ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Kada kuma wani ya ce rashin ƙwarewa ne kaɗai. A watan Afrilu na 2003, a jihar Yuta ta Amurka, wani gwanin hawan duwatsu mai suna Aron Ralston ya shiga wani kwazazzabo shi kaɗai, bai faɗa wa kowa ba. Wani ƙaton dutse ya mirgino ya danne masa hannun dama. Ya kwana biyar a wurin, daga ƙarshe da kansa ya yanke hannun da 'yar wuƙa dakusasshiya kafin ya kuɓuta. Ƙasa ce mai jiragen ceto masu saukar ungulu, amma ina za a tura su tunda ba a san inda yake ba? To, mu nan abin da muke da shi maharba ne da igiyar guga.

Alal haƙiƙa mu ma mun hau dutsen nan muna yara, mun kori rema, mun ci ɗinya, mun sha bulala a kai. Sai dai ba mu taɓa hawa ɗaiɗai ba, kullum akwai babba a gaba wanda zai ce nan ba a takawa. 'Ya'yanku ba su sami wannan ba, laifin kuwa namu ne da muka kawo su gida sau ɗaya a shekara muka sake su kamar 'yan gari, alhali baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Ba mu goyi bayan masu cewa a hana hawa baki ɗaya ba. Yaron da bai taɓa tsayawa a kan dutsen nan ya hango gonakin kakanninsa ba, da wuya ya girma ya biya kuɗin ƙungiya.

Roƙonmu ga wannan taro shi ne a ware kuɗin fenti fari a sa alama a tsohuwar hanya tun daga gindi har sama, a kuma nemi Sarkin Baka ya ba mu mutum biyu da za a riƙa sallama su raka matasa a ranakun Sallah, a hau da hantsi, a sauko kafin azahar, da takalmi mai kama ƙasa da gorar ruwa. Mai gida kuma ya sa doka a gidansa cewa ba mai fita bayan gari sai ya faɗi inda za shi da lokacin dawowarsa. Mahaifin saurayin nan ya riga ya yi alkawarin galan huɗu na fenti. Saura masu shafawa, sakatare yana bakin ƙofa da takarda ga mai son rubuta sunansa.