Ɗalibin da Makinsa Bai Kai Ba



Kowace shekara muna ganin yaron da ya ci maki 170 cikin 400 a JAMB ya kafe sai likitanci a Jami'ar Bayero. Wajibinmu ne mu gaya masa gaskiya: da kyar ne. A jami'o'in tarayya kashi 45 na gurabe na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewaye, 20 kuma na jihohin da aka bari a baya a boko, har da Jigawa. Wannan rangwame ne, amma ba ya toshe giɓin kiredit biyar, musamman Turanci da Lissafi. Mu nuna masa canjin kwas zuwa Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko IJMB, ko NCE a Gumel, daga nan ya nemi shiga aji biyu kai tsaye.