Gargaɗin cizon sauro ba ɓata suna ba ne

Jama'a, Ma'aikatar Lafiya ta Amurka, ta bakin hukumarta CDC, tana shawartar mai zuwa Najeriya ya sha maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Wasu na ganin ɓata mana suna ake yi. Ko kusa! Kimanin kashi 1 cikin 4 na masu kamuwa da cutar a duniya a Najeriya suke. Baturen da ya zo kallon hawan daushe a Kano jikinsa bai san cutar ba, nan da nan take kayar da shi. Ɗan'uwanmu mazaunin Amurka zai ce cikin sauro ya tashi. Gaskiya ne, amma garkuwar jiki tana raguwa in an daɗe a waje, 'ya'yan da ya haifa can kuwa ba su da ita sam.