Batir Ɗaya, Taransista Biyu: Yadda Amfilifaya Ke Motsa Lasifika



Takardar lasifika, kamar yadda kowa ya sani, gaba take yi da baya, ta haka take kaɗa iska har kunne ya ji murya. Ba kuwa za ta yi haka ba sai wutar da ke ratsa wayarta tana juyawa, yanzu ta bi nan, an jima ta bi can. To, amma batirin mota, wanda da shi ake kunna amfilifayar masallacin ƙauye da ta mai tallar magani a kasuwa, hanya ɗaya tak yake tura wuta. Ina aka samo juyawar? Tambayar da muka zo amsawa ke nan.

A ƙarshen amfilifaya akwai taransista biyu a jere tsakanin kawunan batir, na sama irin NPN, na ƙasa irin PNP. Aikinsu kamar na mutum biyu ne masu yanka gungume da dogon zarto: in wannan ya ja, wancan ya saki. Shi ya sa muke kiran tsarin tura-ka-ja. Da batir biyu ne, da magana ta ƙare, kowane taransista ya riƙi nasa. Da yake ɗaya ne, sai a yi dabara. Ana daidaita mahaɗar taransistocin nan ta tsaya a rabin ƙarfin batir, watau bolt 6 in batirin mai bolt 12 ne, sa'an nan a sa babbar kwandansa tsakanin mahaɗar da lasifika.

Nan ne zuciyar maganar, sai mu natsu. Da an kunna, kwandansar nan takan cika har bolt 6, kuma cikar tata ce ke jawo ƙarar "dum" da muke ji. Idan sauti ya hau, taransista na sama ya buɗe, wuta ta fito daga batir ta ratsa lasifika, takarda ta yi gaba. Idan sauti ya sauka, na sama ya rufe, na ƙasa ya buɗe. A wannan lokaci batir ba ya ba lasifika kome. Kwandansa ce ke amayar da abin da ta tara, wutar ta koma ta baya, takarda ta ja da baya. Ashe ita ce batir na biyu.

Saboda haka bai kamata a raina ta ba. In ta yi ƙanƙanta, kaurin murya ya gudu: mai maikurofarad 1,000 a kan lasifika mai om 8 takan fara rage sauti ne daga wajen kaɗawa 20 a daƙiƙa, amma a kan mai om 4 tun daga 40. In kuwa ta huje, bolt 6 ɗin nan zai hau lasifika kai tsaye, amfiya ɗaya da rabi ta yi ta gudana cikin om 4 ba hutawa, har siririyar wayar ta gasu. Mai gyaran da ya canza lasifika bai auna kwandansa ba, wata sabuwar zai ƙona.

Akwai kuma matsalar miƙa aiki. Taransistan silikon ba ya buɗewa sai an ba shi kimanin bolt 0.6, don haka a daidai inda ɗaya ke saki ɗaya ke kamawa duka biyun kan yi shiru, murya ta fito da ƙaiƙayi, musamman in an rage ƙara. Maganinsa diyod biyu ne da ke barin kowannensu a ɗan buɗe. Sai dai taransista in ya yi zafi yakan ƙara jan wuta, ƙarin wutar ya ƙara zafi, har ya hallaka kansa. Don haka ake manna diyodin a jikin ƙarfen sanyaya, mu kuwa da zafin bazararmu ba mu ga dalilin sakaci da wannan ba. Af, a farkon zamanin taransista samun manyan NPN da PNP masu dacewa da juna abu ne mai wuya, har sai da H. C. Lin na kamfanin RCA a Amurka ya nuna a 1956 yadda za a yi da iri ɗaya.

Yanzu ga lissafin da ya shafi aljihu, musamman ku da za a ba ku sayayyar ofis. Daga bolt 12, mahaɗar ba ta iya wuce bolt 6 sama ko ƙasa. A kan om 4 wannan wat 4.5 ne, shi ma a takarda. In an haɗa amfilifaya biyu lasifika na tsakani, ɗaya na turawa ɗaya na ja, ba a bukatar kwandansa, ƙarfin kuma ya ninka huɗu, wat 18. Fiye da haka sai an rage om na lasifika, ko an sa taransifoma ko wata na'urar ɗaga bolt a ciki. Idan mai kanti ya nuna muku kwali an rubuta wat 200, ku juya bayan akwatin ku duba fis. Wat 200 daga bolt 12 na bukatar fiye da amfiya 16. In fis ɗin na amfiya 3 ne, duk abin da akwatin ke iya sha bai wuce wat 36 ba, wani kaso kuma zafi zai zama.