YAUSHE MAI BI ZAI BAR IKILISIYARSA YA KOMA WATA?

 

A cikin Littafin Firistoci sura 25, jubili shekara ce ta komawa gida. In shekara ta 50 ta zo sai a busa ƙaho, bawa ya sami 'yanci, wanda ya sayar da gonar gado ya koma kanta, kowa ya nufi danginsa. Amma maganar da aka ɗora mini yau ta fita ce, watau, yaushe ya kamata mai bi ya bar ikilisiyarsa ya koma wata? Ya dace mu duba ta a ranar murna, gama tana damun gidaje da yawa a cikinmu.

Sa'ad da ma'aikatan mishan na S.I.M. suka zauna a Damagaram cikin 1924, babu mai yin wannan tambaya. Daga baya aiki ya kai Tsibiri kusa da Maraɗi, aka buɗe asibitin Galmi cikin 1950. A kwanakin nan, in mai bi ya sami mutum biyar da za su yi addu'a tare a gindin itace, sai ya gode wa Allah. Bayan ƙasar Nijar ta sami mulkin kai cikin 1960, ikilisiya ta tsaya da ƙafafunta. Wajen 1990 kuwa ikilisiyar da ta fito daga aikin nan ta rabu gida uku, waɗansu ƙungiyoyi kuma suka shigo daga ƙasashen maƙwabta. Yanzu a Yamai ko Maraɗi mutum ya iya wuce ƙofar majami'a biyu ko uku kafin ya kai tasa. Abin da iyayenmu ba su sani ba ya same mu, shi ne zaɓi.

Ga wanda ya tuba ya bi Yesu da girmansa, maganar tana da nauyi ƙwarai. Waɗansunku sun rasa gado, waɗansu an hana su cin tuwo a ƙwarya ɗaya da 'yan'uwansu. Ikilisiya ce ta zama danginku. Ita ce ta nema muku aure, ita ke zuwa sunan 'ya'yanku, ita ce kuma za ta haƙa kabarinku. Mutum ba ya barin irin wannan gida kamar yadda ya ke sāke rumfar da ya ke sayen gishiri.

Bari mu fara da dalilan da ba su isa ba.

Na fari, ɓacin rai. An yi zaɓen dattawa ba a zaɓe ka ba, ko ka yi ciwo pasto bai zo gaisuwa ba, ko wata ta faɗa miki maganar da ta sosa zuciya. Abin da zafi, ba mu musu. Amma harshe da haƙori ma sukan saɓa. A cikin Matta sura 18 Ubangiji ya shimfiɗa mana hanya: ka je wurin wanda ya yi maka laifi ku biyu kaɗai, in bai ji ba ka koma da mutum ɗaya ko biyu, in har yanzu ya ƙi sai a kai gaban ikilisiya. Da yawa sukan tsallake matakan nan uku su nufi ƙofa. A Filibi akwai mata biyu, Afodiya da Sintiki, waɗanda suka yi aikin bishara tare da Bulus, sa'an nan suka saɓa. Bulus ya roƙe su su shirya, ya kuma roƙi wani abokin aiki ya taimake su. Bai ce ɗaya ta nemi wani wuri ba.

Na biyu, zunubin waɗansu a cikin jama'a. Ku karanta wasiƙar fari zuwa ga Korintiyawa. Akwai tsattsaguwa, wannan na Bulus, wancan na Afolos, wancan na Kefas. Akwai mai zama da matar ubansa. Suna kai juna ƙara gaban alƙalai, waɗansu har suna buguwa a wurin Jibin Ubangiji. Duk da haka manzon ya kira su tsarkaka, ya umurce su su gyara gidansu, su hori mai laifi. A Sardis kuma, cikin Ru'ya ta Yohanna sura 3, Ubangiji ya shaida ikilisiyar matacciya ce, amma ya san 'yan kaɗan da ba su ƙazantu ba, ya kuwa umurci jama'ar su farka su ƙarfafa sauran abin da ya rage. In masu kirki duka suka fita, wa zai ƙarfafa shi?

Na uku, bambancin al'ada. Can ana kaɗa ganga, nan ba a kaɗawa. Can ana waƙa da Faransanci, nan da Hausa. Can sujada awa uku, nan awa ɗaya da rabi. Romawa sura 14 ta yi magana a kan masu cin nama da masu cin ganye kaɗai, da masu girmama wata rana fiye da wata, ta ce su karɓi juna ba da gardama ba. Ganga ba ta isa raba 'yan'uwa ba.

Na huɗu, abin duniya. An ji labari wata ikilisiya tana rabon shinkafa, ko tana biyan kuɗin makaranta, ko tana alkawarin arziki ga duk wanda ya shiga. Yunwa ba wasa ba ce, wajibi ne kuma ikilisiya ta lura da matalautanta. Amma a Yohanna sura 6 Yesu ya tsauta wa taron da suka bi shi don gurasar da suka ci suka ƙoshi. Tun zamanin iyayenmu akwai masu cewa kuɗin Turawa ne ya jawo mu. Kada mu gaskata maganarsu da ƙafafunmu.

Na biyar, gudun horo. Mutum ya faɗi cikin zunubi, dattawa suka dakatar da shi daga Jibin Ubangiji don ya tuba, sai ranar Lahadi mai zuwa a gan shi a kujerar gaba a wata majami'a. Wannan ya tafi da ciwonsa, ya bar magani a baya.

To, akwai lokacin da fita daidai ce? I, akwai.

Na fari shi ne ƙaura. Wanda aiki ko aure ko karatu ya kai shi wani gari, ko wanda ya tafi cirani Kano ko Agadas na watanni da yawa, lalle ya nemi masu bi a inda ya sauka. Akila da Biriskila sun bar Roma sa'ad da Kalaudiyus ya kori Yahudawa, suka zauna a Korinti, daga nan suka je Afisa, inda ikilisiya ta riƙa taruwa a gidansu. Kada wani ya ce, ni ɗan ikilisiyar ƙauyenmu ne, sa'an nan ya shekara a birni ba ya zuwa sujada ko'ina. Garwashi in aka ware shi daga murhu, mutuwa ya ke yi.

Na biyu, in an sāke bishara. Bulus ya yi haƙuri da Korintiyawa, amma ga masu kawo wata bishara a Galatiya bai sassauta ba ko kaɗan. Ku auna koyarwa da tambaya uku. Me a ke faɗi a kan Yesu, shi Ɗan Allah ne wanda ya mutu don zunubanmu, ya tashi kuma? Yaya mutum zai tsira, ta wurin alheri da bangaskiya, ko da wani abin da aka ƙara? Wa ke da magana ta ƙarshe, Littafi Mai Tsarki ko mafarkin shugaba? Inda a ke sayar da ruwa ko mai a kwalba a ce ceto na ciki, ko a yanka wa addu'a kuɗi, ku tuna da Siman na Samariya wanda ya miƙa wa manzanni kuɗi don baiwar Ruhu, da yadda Bitrus ya tsauta masa. Wannan laya ce da sabon suna. Tun 1932 muna da Littafin duka cikin Hausa. Ku yi kamar mutanen Biriya, waɗanda suka riƙa bincika Littattafai kowace rana don su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka ne.

Na uku, in shugaba ya nace cikin zalunci ko zunubi a fili, aka kuma toshe hanyar gyara. Wasiƙa ta uku ta Yohanna ta ba da labarin Diyotarifis, mai son girma, wanda ya ƙi karɓar 'yan'uwa, yana kuma korar masu karɓarsu. A nan sai a yi hankali, gama Bulus ya gargaɗi Timoti kada ya karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku. Jita-jitar bakin rijiya ba shaida ba ce. Amma in baiko yana ɓacewa, aka hana kowa duba littafin kuɗi, aka kori duk wanda ya tambaya, shugabannin gunduma kuma sun ji sun yi shiru, mai bi ba ya da laifi in ya fita. In kuwa ana lalata da mata ko yara, kada a jira. A fitar da su nan da nan, a sanar da hukuma, gama rufe irin wannan asiri tarayya ce da mai laifi.

Na huɗu shi ne fita mai daɗi, watau aike. Ikilisiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a, ta ɗora wa Barnaba da Shawulu hannu, ta sallame su. Allah ya yawaita mana irin wannan.

Ko da dalili ya isa, kada a yi gaggawa. A Afisa Bulus ya yi wata uku yana muhawara a majami'ar Yahudawa kafin ya janye almajirai zuwa makarantar Tiranus. Martin Luta ya rubuta ƙorafinsa cikin 1517 yana neman gyara, sai cikin 1521 aka fitar da shi.

In fita ta zama dole, ga yadda za a yi. Ka yi addu'a, ka bar fushi ya huce tukuna. Ka shawarci matarka ko mijinki, gama 'ya'ya suna kallo. Ka je wurin dattawa ido da ido ka faɗi dalilinka, kada su ji a kasuwa. Ka biya bashin da ke kanka, ka mayar da mabuɗi da littafi da duk kayan ikilisiya da ke hannunka. Kada ka bi gida gida kana jan mutane. Ka san inda za ka kafin ka tashi, kada ka gudu daga gara ka faɗa gidan zago. Ka nemi takardar shaida, gama haka aka yi wa Fibi ta Kankiriya, haka kuma 'yan'uwa a Afisa suka yi wa Afolos da zai haye Akaya. Sa'an nan ka tsare bakinka. Bulus da Barnaba sun rabu da zafi a kan Markus, amma a ƙarshen ransa Bulus ya aika a zo masa da Markus, don yana da amfani a gare shi. Ka bar ƙofa a buɗe.

Ku dattawa masu karɓar baƙo, ku tambaye shi takarda, ku kuma tuntuɓi inda ya fito. Tunkiya in ta tsallaka daga wannan garke zuwa wancan, dukiyar mai garken ba ta ƙaru ba. Ku kuma da aka bari, ku tambayi kanku ko akwai gaskiya cikin kukan wanda ya tafi, ku ci gaba da gaishe shi in kun haɗu.

Ranar 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da kashegari a Yamai, aka ƙone majami'u da yawa. Wutar ba ta tambayi sunan ƙungiyar da ke rubuce a kan allo ba. Waɗanda ke waje suna ganinmu jama'a ɗaya, haka kuma Ubangiji ya roƙa mana a Yohanna sura 17. Saboda haka wanda zai zauna, ya zauna da aminci yana aikin gyara. Wanda tilas ya tafi, ya tafi da salama. A wannan jubili kuwa, in akwai wanda ya fita da fushi shekarun baya, ƙaho ya busa, ya je ya gai da 'yan'uwansa.

Allah ya ba mu hikima da haƙuri, ya tsare ikilisiyarsa a ƙasar nan har ranar komowar Ubangijinmu Yesu Kristi. Amin.