Jawabin Zama: Kumburin Jijiyoyin Ƙafa da Maganinsa Ba Tare da Babbar Tiyata Ba

Kafin a buɗe akwati a fara zubi, ina roƙon minti goma mu yi maganar ƙafafunmu, don da su muke neman abin da muke zubawa.

Da yawa cikinmu tsaye muke wuni: mai tuyar ƙosai, mai markaɗe, mai tallan atamfa. Wata idan ta ɗaga zani za ta ga jijiyoyi sun fito a sha-raɓarta, sun murɗe kamar igiya. Da yamma ƙafar ta yi nauyi, ta yi ƙaiƙayi, idon sawu ya kumbura.

Me ke kawo haka? A cikin jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya akwai 'yan ƙofofi da ke buɗewa sama kawai. Idan suka saki, sai jini ya riƙa komawa ƙasa yana taruwa. Juna biyu, doguwar tsayuwa, ƙiba, shekaru da gado duk suna jawo shi. Wanda ya zo da ciki yakan ragu cikin watannin farko bayan haihuwa, shi ya sa likitoci ba sa yin aikin sai an sauka.

To, ga roƙona: don Allah kada a kai wannan jijiya wurin wanzami a yi mata tsaga ko ƙaho. Jinin da ke ciki ba mataccen jini ba ne. Idan aka tsaga ta, jini zai iya ƙin tsayawa, ko wurin ya zama gyambo.

Da can tiyata ake yi a zare jijiyar. Yanzu akwai hanyoyi masu sauƙi, amma kafin kowace sai an yi sikanin ƙafar, a ga wace ƙofa ce ta lalace.

Ta farko, toshewa da zafi. A yi allurar kashe zafi, a zura siririn bututu ta ƙaramar huda, sai zafin leza ko na igiyar rediyo ya manne jijiyar daga ciki. Yawanci aikin kamar awa ɗaya ne, kuma ranar za ki koma gida da ƙafarki. A Ingila, tun 2013 hukumar NICE ta ce wannan za a fara dubawa kafin tiyata.

Ta biyu, allurar kumfa. Magani ne da ke sa jijiyar ta ƙanƙance ta toshe. Wani lokaci sai an maimaita, kuma yakan bar duhu a fata.

Ta uku, wani gam na asibiti da ake manne jijiyar da shi. Ƙananan rassa kuma akan zare su ta 'yan hudoji da ba sa bukatar ɗinki.

Na san wata za ta ce, "To idan an toshe, ina jinin zai bi?" Akwai manyan jijiyoyi can cikin tsoka, su ne dama ke ɗaukar mafi yawansa. Amma ku sani, ko an yi aikin, wasu jijiyoyin na iya sake fitowa.

Kafin nan, ki riƙa ɗan takawa, ki ɗora ƙafa a kan matashi idan kin kwanta. Safa mai matsewa tana rage nauyin, amma ba ta warkarwa, kuma ma'aikacin lafiya ne zai auna miki.

Abu uku ba sa jiran ranar kasuwa. Idan jijiyar ta fashe, ki kwanta, a ɗaga ƙafar sama, a danne da tsumma mai tsabta, a tafi asibiti. Haka idan gyambo ya yi sati biyu bai warke ba. Idan kuma ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da zafi, ko numfashi ya yi wuya, a tafi nan take, don yana iya zama gudan jini.

Wannan aiki yana da tsada, kuma ba kowane asibiti ke yin sa ba. Ki fara da asibitin kusa, ki nemi a tura ki wurin likitan jijiyoyin jini a asibitin koyarwa. Ki tambayi kuɗin sikanin da na aikin, ki kawo mana lissafi, mu duba abin da asusun taimakon juna zai iya ɗauka. Gara kuɗin mota yau da asarar jari gobe.

Allah ya ƙara mana lafiya. Ma'ajiya, bismillah, a buɗe akwati.