HANYAR BALMA: JAWABI GA MASU NIYYAR SHIGA HAMADA



An nemi mu yi bayani a kan garin Balma da hanyar zuwa can, saboda wasu 'yan kasuwarmu na nan Kafanchan suna sha'awar ganin inda kantu yake fitowa, wasu samarinmu kuma hankalinsu ya karkata arewa neman arziki. To, matambayi ba ya ɓata.

Duk wanda ya taɓa sayar wa makiyayan Ladduga ko na Kachia gishirin dabbobi ya san sunan balma. Sunan gari ne, wanda ake rubutawa Bilma a taswira, yana can arewa maso gabashin Jamhuriyar Nijar, a yankin Kawar. Mazaunansa Barebari ne da Tubawa, amma mai jin Hausa ba zai rasa abokin magana ba. Garin ya daɗe a kan hanyar fatake daga Barno zuwa Tarabulus. Ta nan ne Turawan Ingila, su Clapperton da Denham, suka bi a 1823, Faransa kuma ta kafa sansaninta a 1906.

Daga nan Kafanchan sai a nufi Kano, a wuce Daura, a tsallaka iyaka a Kwangwalam, a bi ta Matamaye zuwa Damagaram. Daga Kano zuwa Damagaram kamar kilomita 240 ne. Daga can a bi ta Tanut da Adarbisinat zuwa Agadas, kamar kilomita 450. A canza naira zuwa sefa tun kafin a yi nisa. A riƙe fasfo da katin rigakafin shawara. Mu tuna an rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024, sa'an nan Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairu 2025. Saboda haka kada kowa ya dogara da abin da ya sani shekarun baya. A tambayi halin da iyaka take ciki a makon da za a tashi.

A Agadas ya kamata a yada zango a huta. A ga babban masallacin garin mai hasumiyar ƙasa, tsawonta mita 27, wanda aka fara ginawa wajen 1515. A nan ne kuma za a yi babban shiri, domin daga Agadas hanyar kwalta ta ƙare ga mai zuwa Balma. Abin da ya rage kimanin kilomita 600 ne na rairayin Tenere.

Mu da muka saba da dutsen Kagoro da ruwan Matsirga, inda damina take kai wata shida, sai mun yi da gaske kafin mu gane wannan ƙasa. A Balma ruwan saman shekara guda bai cika kai milimita 20 ba, wato bai kai yayyafin yamma ɗaya a nan wurinmu ba. A tsakiyar Tenere akwai wata bishiya guda tak da matafiya suke gane hanya da ita, har wani direban babbar mota ya buge ta a 1973. An kai gangar jikinta gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a madadinta.

Hanya biyu ce. Ayarin raƙuman Buzaye yana tashi daga ƙasar Azbin wajen Oktoba da Nuwamba, ya bi ta Fachi, ya yi mako biyu zuwa uku kafin ya isa. Madugu ne yake jan gaba, da taurari da yanayin rairayi yake gane gabas. Motoci kuwa galibi Dirku suke nufa, kwana biyu ko uku in ba a sami matsala ba, daga nan a gangara kudu kamar kilomita 45 zuwa Balma. An daɗe ana bin al'adar tafiya cikin jerin motoci da rakiyar soja saboda 'yan fashi. A je wurin hukuma a Agadas a ji ƙa'idar da ake bi a lokacin, in an isa Balma kuma a kai kai ofishin jandarma.

Lokacin tafiya shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A watan Mayu da Yuni zafi yakan haura digiri 40 kullum. Amma kada sanyin hunturu ya zo mana a ba-zata: da dare a Janairu sai mutum ya haɗa bargo biyu. A tanadi rawani saboda ƙura, da guzurin da ba ya lalacewa, irin su ƙuli-ƙuli, garin kwaki, dabino da kilishi. Ruwa kuwa, a ɗauki ninki biyu na abin da ake zaton za a sha, kowa da jarkarsa, ba a haɗa da ta direba.

Abin mamaki, shi garin kansa yana da ruwa. Maɓuɓɓugai suna fitowa daga ƙasa, ga gonakin dabino da lambuna a gindin tsaunin Kawar. Abin kallo na farko shi ne ramukan gishiri na Kalala, dab da gari. Ana haƙa rami, ruwan gishiri ya taso, rana ta ƙone shi har ya yi ɓawo, a farfasa ɓawon ya nutse, a kwashe. Mai tsabta, wanda ake kira beza, shi ne na miya. Sauran ake cuɗawa da ƙasa a zuba a mazubin kututturen dabino, ya fito kantu mai nauyin kilo 20 ko fiye. Tun da can gero ne abin musaya, don ba ya tsiro a wurin. Babban otel ba abin da za a sa rai da shi ba ne, sai a nemi fatoma tun daga Agadas. Wanda ya riƙa wa mai masauki goro da barkono da cittar ƙasar Jaba, ya yi tsaraba mai daraja.

Yanzu ga samarinmu. Arewa da Balma ne Jado take, inda aka gano zinariya a 2014, mutane suka yi ta tururuwa har gwamnati ta rufe wurin a 2017. Ta Dirku kuma hanyar Libiya ta bi. A 2015 Nijar ta yi dokar hana safarar baƙin haure, direbobi suka koma bin ɓarauniyar hanya nesa da rijiyoyi. An soke dokar a Nuwamba 2023, amma hamada ba ta san da doka ba. A Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, yawancinsu mata da yara daga Kance, motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. Hausawa ne irinmu.

Saboda haka muna roƙon iyaye, duk yaron da ya ce zai yi arewa, a zaunar da shi a tambaye shi: wa zai bi, a wace mota, wa zai sauke shi? In babu amsa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Muna kuma ba shugabannin ƙungiya shawara su buɗe littafi, duk mai tafiya ya rubuta sunansa, ranar tashinsa, da wanda za a tuntuɓa a Agadas.

 Allah ya kai mai tafiya lafiya, ya dawo mana da shi lafiya.